Shekarar da Na Koya wa Inji Gaisuwa

Na san abin da ake faɗa a kaina a cikin garin Daura, na kuma san ya iso kunnuwanku, ko da yake babu wanda ya taɓa tare ni da shi a cikinku. Cewa ake yi ubanku ya ɗauki sirrin marainiya ya kai wa mai kuɗi a Zango. Ranar da 'yar'uwarku Nafisa ta dawo daga gidan suna ta wuce ɗaki ko abinci ba ta kalla ba, na gane wani ya faɗa a gabanta. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, zan rubuta muku yadda abin ya faru. Kada ku sa ran zan fito fes a ƙarshe. Har yau in na juya maganar ta nan sai in ga ban yi laifin komai ba, in na juya ta can sai kunya ta rufe ni, kuma shekarun da suka wuce ba su raba mini gardama ba.

Bayan na yi ritaya daga kamfanin waya a Kano, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina kula da injinan da ke haɗa kira, na dawo gida da niyyar in yi noma in huta. Wata uku na yi, uwarku ta gaji da ni. Na kwance rediyon gidan na ɗaure, na kwance fanka, na fara kallon injin markaɗenta da wani irin ido. Ana cikin haka Rabi ta zo. Kun san ta, amma ba ku san matsayin ubanta a wurina ba. Malam Isyaku aminina ne tun muna zama kan benci ɗaya a firamare, ni na sa shi a kabari da hannuna, Rabi tana 'yar sakandare. Ta yi karatun kwamfuta, ta ƙi tafiya Abuja kamar sauran 'yan ajinsu, ta kama ɗaki biyu a saman wani shago a hanyar Katsina. Abin da take son yi mai sauƙin faɗa ne: lambar waya guda, makiyayi ya kira ya faɗi dabbar da zai sayar, mai saye ya kira ya ji, ba sai kowa ya kora dabba zuwa kara ya koro ta gida ba a yi ciniki ba. Tana da ma'aikata biyu da suka iya rubuta manhaja, amma babu babba a kansu da zai ce wannan injin za a saya, wancan a bar shi, wannan aikin za a fara, wancan ya jira.

"Baba, ba mu da ƙarfin ɗaukar ka gaba ɗaya," in ji ta. "Ka ba mu Litinin da Talata, ka zama shugabanmu ta ɓangaren fasaha."

Na ce, "Sauran kwana biyar ɗin fa, wa zai shugabance ku?"

"Kai ne dai. Amma kana gidanka."

Ban gane ba, na dai ce to. Ta yi mini bayani cewa haka ƙananan kamfanoni ke yi yanzu, mutum ɗaya mai gogewa ya raba makonsa tsakanin wurare biyu ko uku, kowa ya samu rabonsa na kan tsoho. Da ta tafi uwarku ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Shugaban kwana biyu! Ran Laraba kuma tuɓe ka ake yi, Malam, ko da kanka kake ajiye rawanin?"

Ba a yi wata biyu ba labari ya kai Zango. Alhaji Mamuda, babban mai sayen gero da gyaɗa, mai manyan motoci da rumbuna, shi ma ya buɗe lambar da manoma za su riƙa kira su ji farashi. Ya turo a ce yana son Alhamis ɗina. Ban amsa ba sai da na tambayi Rabi, wannan kam ku riƙe shi. Ta ce shi hatsi yake yi, su dabbobi, ba ta ga inda za su haɗu ba, in je. Na sayi littattafan rubutu guda biyu, kore na Rabi, shuɗi na Alhaji. Koren ba ya zuwa Zango, shuɗin ba ya hawa benen hanyar Katsina. A lokacin ina ganin iyakar riƙon amana ke nan, har ina jin daɗin kaina da na yi wannan dabara. Kullum da safe uwarku in ta ajiye mini koko sai ta ce, yau kuma na waye? Wata rana sai na yi jim kafin in ba ta amsa.

Matsalar wurin Rabi ta kusa sa ni hauka. Makiyaya suna kira, amma da inji ya fara magana sai su kashe. Ni da na yi shekaru ina gyaran layi, sai na ɗora laifin a kan layi. Na sa aka canja na'ura, aka ƙara ƙarfin murya, aka sayi sabon batir na sola don kada wuta ta yanke. Babu abin da ya canja. Wata Talata mahaifiyar Rabi, Hajiya Laure, ta biyo ta ofis daga asibiti don ta huta kafin ta samu babur. Rabi ta kira lambar ta kara mata a kunne don ta ji aikin 'yarta. Muryar ta ce, danna ɗaya domin sa, danna biyu domin rago. Hajiya Laure ta janye wayar daga kunnenta ta kalle ta.

"Wannan kuma 'yar gidan wa ce? Ko sallama babu, sai danna kaza danna kaza? Ni baiwar ubanta ce?"

Muka yi ta dariya, ni na fi kowa. Babu wanda ya rubuta komai a ranar.

Washegari Laraba, ranar da ba ta kowa ba ce sai ni, ina gonata a hanyar Sandamu, zaune a gindin gawo. Maƙwabcina na gona ya tsaya gaisawa da wani Bafulatani da ya zo wucewa da shanu. Ina jin su. Sallama, ina kwana, ya gida, ya iyali, ya shanu, ya aka ji da rana. Sai na lura da abin da nake ji tun ina yaro amma ban taɓa saurara ba: kowace tambaya akwai ɗan shirun da ake bari a bayanta, mai amsa ya cika shi, kuma shirun ba tsawonsa ɗaya ba. Murna ta kama ni. Ran Litinin na hau benen nan ina haki na ce wa Rabi, maganar Hajiya ba abin dariya ba ce, injin zai yi gaisuwa, kuma zai jira a amsa masa.

To, a nan ne aikin ya koma hannunta. Ni na faɗi abu a baki, ita ta sha ranarsa. Mako shida Rabi tana bin kara da agogo a hannu, tana tsayawa kusa da dillalai da makiyaya kamar mai jiran wani, tana auna tsawon amsar kowace gaisuwa. Ta yi baƙi, takalmanta biyu suka mutu a cikin kashin shanu, wasu suka ɗauka 'yar karɓar haraji ce suka kore ta. Ta gano cewa in shirun ya gajarta mutum sai ya ji an katse shi, in ya yi tsawo sai ya zaci layi ya yanke. Bayan sallama numfashi biyu. Bayan ya iyali numfashi huɗu, domin namiji ba ya amsa wannan da kalma ɗaya, sai ya haɗa da godiya ga Allah. Sannan muryar ta ce, to madalla, kafin ta tambayi abin da ya kawo shi. Hajiya Laure muka lallaɓa ta ba mu muryarta. Cikin wata guda makiyaya suka daina kashe waya. Wasu har tambayar injin suke ya ƙarfin jiki, wani dattijo daga wajen Sandamu ya aiko da man shanu a ƙwarya a ba tsohuwar nan ta waya mai kirki. Ban taɓa ganin Rabi da farin ciki irin na wannan lokacin ba, ta ce mini da Baba Isyaku yana da rai da ya yi mini kyautar doki.

Yanzu ku saurara da kyau, domin abin da ake zargina da shi bai ɗauki tsawon shan shayi ba. Wata Alhamis a Zango na tarar da Alhaji Mamuda yana faɗa a rumfar awo. Manoma suna kashe masa waya. Mutanensa sun kawo shawarar a sayo wata babbar na'ura daga Legas. Ya juyo ya ce, Injiniya, kai ne shugaba a nan, me ka ce? Aikina ke nan a wurinsa, in hana shi zubar da dukiya a kan abin da ba shi ne ciwon ba. Na san ciwon, na san maganin. In yi shiru in bar shi ya saya? Ban ma yi wannan tunanin ba a lokacin, bakina ne kawai ya buɗe.

"Kada ku sayi komai, Alhaji. Injinku ne ba ya gaisuwa."

Aka yi dariya, na yi musu bayani. Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce, to tsawon wane lokaci zai jira? Na ce bayan sallama numfashi biyu, bayan ya iyali huɗu, sannan ya ce to madalla. Koren littafi yana gida a cikin durowa, ban taɓa shi ba. Daga kaina abin ya fito, kamar yadda za a tambaye ni sunan unguwarmu. Na hau mota na dawo Daura ina jin yau na ci gumina.

Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki Babbar Sallah, Alhaji Mamuda ya ce mini zai ƙara raguna a lambarsa. Manomansa duk suna da tumaki a bayan gida, motocinsa suna zuwa ƙauyuka ko da ragon ko babu, me zai hana? Na ce masa ai mun yi da shi hatsi ne. Ya ce, Injiniya, danna uku ne fa kawai za a ƙara. Ya kuma roƙe ni kada maganar ta fita sai an fara. A nan kaina ya ɗaure, kuma har yau bai kwance ba. Wannan sirrin Alhamis ne, a rumfarsa na ji shi, a ranar da yake biyana. In na kai wa Rabi na ci amanarsa. In na yi shiru, mota tana tahowa za ta bi ta kan 'yar aminina ina kallo. Na rubuta a shuɗin littafi na rufe. Litinin uku na hau benen nan, na zauna kusa da ita muna tsara yadda za ta karɓi kiran Sallah, tana cewa bana ne shekararmu Baba, ina cewa Allah ya sa. Abinci ya daina yi mini daɗi, uwarku ta zaci zazzaɓi ne ta dafa mini ganyen darbejiya.

Litinin ta huɗu na tarar ta sallami ma'aikatanta su je su karya. Ta gaishe ni kamar kullum, ta jawo mini kujera. Wani dillali ne ya ce mata ashe tsohuwarsu ta waya ta yi ƙane a Zango, shi ma ya iya gaisuwa, kuma shi har mota yake turowa a ɗauki rago. Ta ajiye wayarta a kan tebur, ta kira lambar Alhaji, ta buɗe muryar wayar don in ji. Namiji ne ya yi sallama. Na ga leɓenta yana motsi, ɗaya, biyu. Ina kwana. Ya gida. Ya iyali. Ta ɗaga yatsu tana lanƙwasawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, tana lanƙwasa na huɗun muryar ta ce, to madalla. Ta kashe.

Na ce, "Rabi, gaisuwa ai ta kowa ce. Ba mu muka ƙirƙiro ta ba."

"Haka ne, Baba. Huɗun fa? A ina Alhaji ya tsaya ya ƙirga?"

Na ce wallahi ban ɗauki littafinta na kai ko'ina ba, kuma ko sisi ba a ƙara mini ba. Ta ce ta yarda, ba ta taɓa zaton an saye ni ba. Sannan ta tambayi abin da nake tsoro.

"Maganar ragunan, yaushe ka sani?"

Na faɗa mata gaskiya.

"Litinin uku," in ji ta. "Kana zaune a kujerar nan."

"Sirrinsa ne, 'yata. Amana ce."

"To nawa me ya sa bai zama amana ba?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Na buɗe baki in ce nata ilimi ne nasa kuwa shiri ne na kasuwa, sai na ji maganar ba ta da ƙafafu tun kafin ta fito. Na tashi na sauko daga benen.

Ban jira Alhamis ba, washegari na tafi Zango. Na ce wa Alhaji Mamuda a cire gaisuwar daga injinsa, kuskure na yi, ba tawa ba ce da zan bayar. Ya dube ni kamar na zare.

"Injiniya, so kake in hana injina yi wa Musulmi sallama? In je in ce wa manoma daga yau babu ina kwana, wata yarinya a Daura ta yi mata rajista?"

Na ce to a canja tsawon shirun. Ya ce a mai da shi nawa, uku ko biyar, don ya lalace da gangan? Ya ce shi bai aike ni sato komai ba, tambaya ya yi shugabansa ya ba shi amsa, in kuwa akwai abin da na sani da zan ɓoye masa ran Alhamis, to me yake biya? Mutumin nan bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ajiye masa shuɗin littafinsa na ce na bar aiki. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya sa aka saka mini buhun gero a mota, na rasa yadda zan ƙi.

A gida na zayyana wa uwarku komai, ina neman ta ce ba ni da laifi ko ta ce ina da shi, ko wanne ne in huta. Na ce mata uwar yarinyar ce ta fara faɗa, ni na gane ma'anar a gonata ran Laraba, Rabi ta auna, to na wane ne? Tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba.

"Kwanakin ka raba, Malam. Kan naka guda ɗaya ne, da shi kake zuwa ko'ina."

Na ce to ya zan yi, in bar shi a gida?

"Ni ina na sani? Ni dai na san Laure ta daina leƙo ni kwanan nan, kuma na san dalili yanzu."

Ban gane ko hukunci ta yanke mini ba ko tausayina ta ji, ban kuma sake tambaya ba.

Na koma wurin Rabi na ce mata na bar Zango, mako gaba ɗaya nata ne, kuma ba na son a biya ni. Na zo da shawarwari cike da koren littafi, yadda za ta haɗa kai da masu ƙananan motoci, yadda za ta riƙe masu shanu tunda Alhaji raguna kawai ya shiga. Ta saurara har na gama, ta yi godiya.

"Baba, ka huta. Ka yi mana ƙoƙari."

Da Sallah raguna suka bi motocin Zango. Masu shanu suka biyo baya kafin damina ta kama, domin mai rago shi ne mai sa. Ta riƙe ofishin har kaka, sannan ta mayar da makulli ta tafi Kano aiki a ƙarƙashin wasu. Wataƙila ko ban buɗe baki ba Alhaji zai gano gaisuwar da kansa, ko motocinsa kaɗai su isa su kayar da ita. Na sha faɗa wa kaina haka. Wataƙila kuma da ta samu Litinin ukun nan da ta yi wani shiri. Ban sani ba, kuma babu wanda zai iya gaya mini. Wasu ƙananan kamfanoni biyu sun neme ni bayan haka, ɗaya a Katsina ɗaya a nan, na ce musu na tsufa. Tsoro ne ya hana ni, domin na rasa gane inda sanina ya ƙare na mutane ya fara.

Ba na cewa aikin ba shi da kyau. Yaran da ke buɗe kamfani da ɗaki biyu suna bukatar tsoho a kusa, kuma ba za su iya ɗaukarsa dukkansa ba. In ɗayanku ya samu kansa a irinsa, ya zauna tun ranar farko a faɗa masa a fili abin da zai iya fita da shi daga ɗakin da abin da ba zai iya ba, kada ya dogara da launin littafi. Ko wannan ɗin ma ban tabbata zai isa ba.

Rabi ba ta yanke zumunci ba, kada ku ce ta yanke. Duk Sallah turmin atamfa yana zuwa wa uwarku, ni kuma shadda. Da aka yi mini aikin ido ta zo har asibiti. Bara ta dawo Daura da wani sabon abu da take haɗawa nata na kanta, na ji ana cewa ya shafi masu kiwon kaji. Ta zo gaishe mu da la'asar ina masallaci. Da na dawo na ji muryarta a falo tana nuna wa uwarku aikin a kwamfuta, tana bayani da irin zumuɗin nan da na sani, uwarku da ba ta san komai a kai ba tana ta cewa ikon Allah. Raina ya yi fari, na yi sauri har ina tuntuɓe da takalma a bakin ƙofa, tambayoyi uku sun riga sun zo mini. Na yi sallama na ɗaga labule. Ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi, ta sa hannu a hankali ta rufe kwamfutar, sannan ta sauko ƙasa ta durƙusa.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Na ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta zauna da mu har kusan magariba, hannunta ɗaya yana kan murfin.